Garabasar data: kyauta ce, ko kuɗinmu ake juya mana?

Baban Walid:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau na ce bari in kawo shi nan. Shekara 11 na yi ina sayar da katin waya a ƙarƙashin lema, kafin kasuwar katin kankarewa ta mutu na koma sayar da data da POS. To jiya bayan la'asar muna zaune a benci ɗaya da wani kwastomana, layinmu na kamfani ɗaya ne, sai ga saƙo ya shigo masa, wai ya sayi data ta N1,500 a ninka masa. Na duba tawa wayar, shiru. Na danna lambar da aka turo masa, aka ce ban cancanta ba. Ni da nake zuba wa layin nan kuɗi kullum ta Allah! Shi kuwa da bakinsa ya ce rabonsa da sa wa layin kati ya fi wata biyu. A kasuwarmu, wanda ya fi sayayya shi ake yi wa gyara. Su kuma kamfanonin waya sai su bar mai zuwa kullum su bi wanda ya juya musu baya. Masu ilimin abin, don Allah a warware mini.

Autan Mama:
Baba ai ba sai an warware ba, cuta ce kawai. Ni 2GB ɗin da nake yin sati da ita bara, yanzu kwana uku ba ta kaiwa. Ga ƙarin kuɗi, ga zuƙewa.

Ummu Affan:
Wa alaikumus salam Baban Walid. Na yi shekaru a wani kamfanin talla da ke yi wa masu sadarwa aiki, don haka bari in faɗi abin da na gani da idona. Ba mutum ne yake zama ya zaɓi wanda za a tura wa saƙo ba. Kwamfuta ce take kasa masu layi kashi-kashi: mai sa kati kullum, mai sa wa a ƙarshen wata, mai kira kawai, mai data kawai, da wanda layinsa ya fara barci. Kai kana cikin kashin farko. An san ko da garabasa ko babu, gobe da safe za ka saya, domin sana'arka a kan layin take. To me zai sa a rage maka? Shi kuwa kwastomanka, an lura kuɗinsa ya daina shigowa amma wayarsa tana kunne, layin yana kama sabis. Ma'ana akwai kishiya a ɗaya ramin wayar, ita take cin kuɗin. Wannan saƙon da ka gani biko ne.

Baban Walid:
Ikon Allah. Wato matar da ta yi yaji ake kai wa atamfa, ta ɗaka kuma a ce ta yi haƙuri.

Ummu Affan:
Ka gama magana, Alhaji. Kuma dalilin da ya sa bikon ya yi yawa a ƙasar nan shi ne waya mai layi biyu. A ƙasashen da mutum yake ɗaura yarjejeniyar shekara biyu da kamfani, ana cire masa kuɗi duk wata daga banki, yaƙin kamfani shi ne ya sa ka sa hannu. Mu kusan kowa sai ya biya yake amfani, ba wanda ya ɗaure shi. Da safe ka kira da wannan, da rana ka buɗe data da wancan. Don haka kullum sai an sake zawarcinka daga farko. Kamfani ba ya tsoron ka jefar da layinsa, abin da yake tsoro shi ne ka mayar da shi layin karɓar kira.

Dattijon Gusau:
Yaran nan kuna kuka da daɗi. Bari in tuna muku inda aka fito. A watan Janairun 2001 gwamnatin Obasanjo ta yi gwanjon lasisin GSM, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285. A watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Layi kaɗai, ba waya ba, ya haura N20,000, a lokacin da albashin ƙaramin ma'aikaci bai kai rabin haka ba. Kira N50 ne minti ɗaya, ko gaisuwa ka yi ka kashe, an cire maka na minti cur. Aka ce mana wai ba zai yiwu a caji mutum da daƙiƙa ba sai nan da shekaru. Da Glo ta shigo a 2003 ta fara caji da daƙiƙa, ba a ɗau lokaci ba sauran suka bi sahu. Abin da aka ce ba zai yiwu ba ya yiwu. Tun daga ranar na daina yarda cewa kamfani yana rage kuɗi don tausayi. Sai ya ga wani yana janye masa mutane.

Lokacin nan idan mutum ya sa Nokia 3310 a gaban aljihu, ko a wajen ɗaurin aure sai an matsa masa a tabarma. Mu masu Sagem da Trium muna gefe.

Autan Mama:
Baba Dattijo, an ce a zamaninku har kiran dare kyauta ake yi?

Dattijon Gusau:
Zamanin yayyenka dai, ni lokacin na girma da wannan. Daga sha biyu da rabi na dare zuwa wajen asuba. Ɗana na fari sai da na ƙwace wayarsa saboda makara sallar asuba. Aure nawa aka ƙulla a kiran nan, nawa aka kashe, Allah kaɗai ya sani.

Ummu Affan:
Kiran daren nan shi ne kakan datar dare ta yau, dabarar ɗaya ce. Ƙarfen sabis ko da mutane ko babu, yana kunne yana shan mai. Da tsakar dare hanya fayau take. Duk abin da aka sayar a wannan lokacin, ko a rabin kuɗi ne, riba ce a kan abin da da ma zai tafi a banza. Kamar direban da motarsa za ta koma Funtuwa ba kowa, ko nawa ka ba shi ya fi kujera wofi.

Sai kuma abin da mutane ba sa lura da shi. Garabasa aljihunta daban. Idan aka ce ka sa N100 an ba ka N500, wannan ɗari biyar ɗin sau da yawa ba da farashin da ka saba ake cire ta ba, da farashi mafi tsada ake cirewa, kuma tana da wa'adi gajere. Wata ba ta kiran wani layi, wata sai ka cinye kuɗinka na ainihi kafin ta fara aiki, wata kuma ita ake fara ci. Abin da wa'adinsa ya cika ba ka taɓa ba, ya koma gida. Lissafin da ake yi tun a ofis ya haɗa da sanin cewa mutane da yawa ba za su cinye ba.

Injiniya Mai Turaku:
Hajiya, gaskiya kika faɗa, amma zaren nan ya fara zama kotun da ba a kira wanda ake ƙara ba. Ni aikina kula da turakun sadarwa ne, tsakanin Kano, Jigawa da wani yanki na Bauci. Ku zo ku ga abin da ake kashewa kafin sandar sabis ɗaya ta fito a wayarku. Yawancin wuraren janareto biyu ne, ɗaya ya huta ɗaya ya tashi, ga batura, ga mai gadi. Na'urorin da ke saman ƙarfen duk da dala ake sayo su. A farkon 2023 dala tana wajen N460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura N1,500. Shi kuwa farashin kira da saƙo tun 2013 ba a taɓa shi ba sai a 2025. MTN Najeriya da kanta ta bayyana asarar kusan naira biliyan 400 a shekarar 2024. Kamfanonin ninki suka nema, wato kashi 100, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da kashi 50 a watan Janairun 2025. Saƙon tes ya tashi daga N4 zuwa N6. Ku gaya mini, a cikin shekara 12 ɗin nan, mudun shinkafa sau nawa ya ninka? Kuɗin mota daga Kano zuwa Kaduna fa?

Ban da masu aikin titi da ke tsinke mana wayar ƙarƙashin ƙasa da katafila, da ɓarayin batir da na dizal. Akwai dajin da ba ma shiga sai da rakiya.

Autan Mama:
Yaya Injiniya, kashi 50 aka ce. To ya aka yi tsarin MTN na 15GB na sati ya tashi daga N2,000 zuwa N6,000? A makarantarmu wannan ba kashi 50 ba ne.

Injiniya Mai Turaku:
Wannan kam an yi, a watan Fabrairun 2025, kuma MTN ta fito ta ba da haƙuri bayan mutane sun yi caa. Ban zo kare kowa ba. Abin da nake cewa, wannan 15GB a N2,000 da ma farashin jan hankali ne, ba farashin gaskiya ba. Matsalar ita ce idan ka saba wa mutum da araha shekara da shekaru, ranar da ka janye sai ya ga kamar ka sa hannu a aljihunsa.

Ummu Affan:
To ai laifin masu tallan ne, Injiniya, har da ni a ciki. Mu muka koya wa mutane cewa farashin da ke rubuce ba shi ne farashi ba. Har ta kai tsare-tsaren sun yi yawan da ma'aikacin kamfanin kansa ba zai iya lissafa maka su ba. Shi ya sa a 2024 NCC ta fitar da ƙa'idar sauƙaƙa farashi, ta ce kowane kamfani kada tsarin kiransa ya wuce 7, ƙunshin da yake sayarwa kada ya wuce 100, kuma a bayyana sharuɗɗan garabasa ƙarara. Ka duba fa, 100 shi ne ragewar.

Mai Gyara Farm Centre:
Bari in amsa wa Auta kan zuƙewar data, domin kullum sai an kawo mini wannan ƙarar a shago. Mutum zai zo yana rantsuwa an sace masa data. In karɓi wayar in shiga wajen da take nuna abin da kowace manhaja ta ci, sai ka ga TikTok ya kwashe fiye da rabi, Facebook na biye, ga WhatsApp yana sauke duk bidiyon da aka turo a rukuni 30 ba tare da an tambaye shi ba, ga wayar tana sabunta manhajoji da kanta, ga hotuna suna hawa ma'ajiyar Google. Bara kana da waya mai ƙaramin gilashi a kan 3G, bana ka sayi mai faɗi a kan 4G. Bidiyon da ka kalla bara, bana idan ka kalle shi da kyan hoto zai taho, nauyinsa ya ninka. Famfo ne aka ƙara masa ƙarfi, bokitinka kuma yana nan yadda yake.

Ban ce ba a taɓa cire wa mutum kuɗi ba gaira ba dalili ba. Ni kaina an taɓa sa mini wata waƙar kira da ban nema ba, ana cire mini kuɗi duk sati, sai da wani ya ce mini, malam yaushe ka fara sa wa mutane kiɗa? Amma a cikin goma da ke zuwa wajena, mafi yawansu wayarsu ce ɓarauniyar.

Autan Mama:
Na duba yanzu. TikTok 1.3GB. Na janye rabin ƙarata, rabin yana nan.

Maman Husna:
Ni dai ina karantawa ina dariya, domin duk abin da Ummu Affan ta lissafa ina yin sa a sana'ata ban san sunansa ba. Turaren wuta da humra nake sayarwa daga ɗakina a Zariya, ba ni da shago sai sitatus na WhatsApp. Wadda take saye duk wata ba na rage mata ko sisi, sai dai addu'a da godiya. Wadda na ga tana kallon sitatus ɗina wata uku ba ta ce komai ba, ita nake bi ta bayan fage in ce Hajiya kwana biyu, ga wani sabon haɗi, zan sa miki a kaza. Don haka Baban Walid ka yafe musu, duk ɗan kasuwa haka yake.

Amma ni ƙorafina daban ne. Akwai datar da ake sayarwa ta WhatsApp da Facebook kaɗai, mai araha. Ita yawancin kwastomomina suke saye. Na taɓa biyan wani yaro ya buɗe mini shafi na kaina a intanet, da hotuna da farashi, abin sha'awa. Na tura wa mutane adireshin, sai ƙorafi ya fara zuwa: ba ya buɗewa. Ashe datarsu ba ta fita daga WhatsApp. Kuɗina ya tafi a banza, na dawo sitatus. Wato kamfanin waya shi ya zaɓa mini inda zan kasa kayana.

Ummu Affan:
Maman Husna, wannan da kika faɗa ya fi duk abin da na rubuta nauyi. Mutane da yawa a wajenmu, intanet ɗinsu gaba ɗaya manhaja uku ce ko huɗu, kuma ba su suka zaɓa ba, farashi ne ya zaɓa musu. Shi ya sa masu talla suka bar allon bakin titi suka koma wajen masu barkwanci da masu mabiya a TikTok da Instagram. Da can sai kamfani ya ɗauki babban tauraro ya manna fuskarsa a kowace mahaɗa. Kun tuna 2013, da aka fara ba mutum damar sauya kamfani ba tare da ya rasa lambarsa ba? Saka, ɗan wasan barkwancin nan da aka sani da tallan Etisalat, kwatsam sai ga shi a tallan MTN ya sauya kore zuwa ruwan ɗorawa yana rawa. Ƙasar nan kaf sai da ta yi maganar tallan. Amma sauya kamfanin bai karɓu yadda aka zata ba, domin wa zai je ya yi layi a ofis alhali zai iya sayen sabon layi ya zura a rami na biyu?

Mai Gyara Farm Centre:
Ramin nan na biyu da kuke ta ambato, ku ba mai shi haƙƙinsa. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a Chaina, mai Tecno da Itel da Infinix, shi ya karanci mutanenmu fiye da kowa. Nokia da BlackBerry suna can suna kawo mana abin da aka ƙera don wasu, shi ya zo ya duba me ke damunmu. Sabis ba tabbas, ya sa layi biyu. Wuta ba tabbas, ya sa babban batir. Hoton baƙar fata yana fita duhu, ya gyara kyamara. Ya sa lasifika mai ƙara, ya sa Hausa a cikin harsunan waya, ya buɗe Carlcare don gyara, ya cika kasuwa da kayan gyaransa. Talla kuma ya bi ƙwallo, ya ƙulla da Manchester City, ya ɗauki nauyin gasar kofin Afirka da aka buga a Kwaddebuwa. Je ka titin Beirut ko nan Farm Centre a Kano ka ƙirga allunan shaguna, shuɗi da ja da kore, kusan duk gida ɗaya ne. Mutum zai tsaya yana gardama wai Infinix ta fi Tecno, bai san kuɗinsa akwati ɗaya zai faɗa ba.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ina biye da ku tun ɗazu. Mu nan Nijar muna da Airtel, Moov, Zamani wadda ta gaji Orange tun da Faransawan suka sayar a 2019, da Niger Telecom ta gwamnati. Wasan duk ɗaya ne, sai dai mu ranar garabasa ake sanarwa, kowa ya jira ta kafin ya sa kuɗi. Ina da aboki da ba ya sa ko dala sai ranar da aka ce an ninka. Mu 'yan kasuwar da ke shiga Jibiya da Katsina kuwa, layi biyu bai ishe mu ba, waya biyu muke riƙewa, ɗaya ta sefa ɗaya ta naira.

Abin da nake so in ƙara, wanda ban ga kun taɓo ba: murya. Yawancin mutanen da nake ciniki da su a ƙauyuka ba sa karanta boko, balle Faransanci. Duk saƙon tallan da kamfani yake turowa a rubuce, asara ce, ba mai buɗewa. Saƙon murya na WhatsApp shi ne wasiƙarmu, shi ne rasiɗinmu. Mai awaki zai ɗauki hoton akuya ya bi da murya, a gama ciniki, a tura kuɗi ta Nita ko Amana. Kamfanin da ya gane haka ya sa tallansa a rediyo da Hausa da Zabarmanci, shi yake samun mutane.

Dattijon Gusau:
Ɗan Maraɗi, Allah ya saka. A watan Satumbar 2021 da aka rufe sabis a Zamfara gaba ɗaya saboda 'yan bindiga, mun ga abin da ba mu taɓa zato ba. Mutum ya shiga mota ya tafi Funtuwa don kawai ya kira ɗansa ko ya tura kuɗi. Muka koma rubuta wasiƙa muna ba direbobi. A lokacin ba wanda ya tuna da garabasa, sanda ɗaya ta sabis muke nema. Shi ya sa idan na ga allon 5G sai in yi murmushi.

Injiniya Mai Turaku:
Baba, a nan kam muna tare. An yi gwanjon 5G a watan Disambar 2021, MTN da Mafab kowanne ya biya dala miliyan 273.6. MTN ta fara a 2022 a birane 7, har da Kano da Maiduguri, Airtel ta biyo a 2023. Amma zangon da aka saya ba ya tafiya nesa, bango ma yana rage masa ƙarfi, don haka sai an dasa na'urori kusa-kusa. Wa zai kashe wannan kuɗin a ƙauyen da mafi yawan wayoyinsa rakani-kashi ne? Gaskiyar magana, 5G a yanzu ta masu akwatin intanet na gida da ofis ce a manyan unguwanni. A talla kuma amfaninta shi ne a ce mu ne a gaba. Da ni ake tambaya, a cike ramukan 4G tukuna. Akwai garuruwan da nake zuwa, har gobe sai an hau tudu ake kira.

Autan Mama:
To Starlink fa, mai intanet ta tauraron ɗan'adam? Tun farkon 2023 ta shigo. Ba ita za ta karya su ba?

Injiniya Mai Turaku:
Kuɗin faranti da na wata ba na ɗalibi ba ne, ƙanena. Inda take aiki shi ne mutum ɗaya ya saya ya raba wa unguwa yana karɓar na awa ko na yini. Na ga haka a wurare da dama. Amma ba ta bin ka cikin aljihu zuwa kasuwa.

Baban Walid:
Ni abin da na gani daga kan bencina, yaƙin ya bar kira, yana barin data ma, ya koma kan kuɗi. Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023, da takardar naira ta ɓace, manhajojin manyan bankuna suka riƙa sarƙewa, mai shayi da mai nama duk suka koma OPay da Moniepoint da PalmPay. Su ma kamfanonin waya ai sun buɗe nasu tun 2022, MTN da MoMo, Airtel da SmartCash. Yanzu kowa so yake kuɗinka ya kwana a wajensa. Kuma su manhajojin nan su suka kashe mana kasuwar kati, domin suna sayar da shi da ragi, har su mayar wa mutum wani abu. Da, mu ne fuskar kamfani a unguwa, a ba mu lema, a ba mu riga, a yi mana fentin shago. Yau ba mai neman mu.

Mai Gyara Farm Centre:
Ga kuma waya bashi. Ka ba da wani abu, a ba ka sabuwa dal, ka riƙa biya duk sati ko duk wata. Ranar da ka makara, wayar ta kulle kanta daga can. Kullum sai an kawo mini irinsu a ce in buɗe, in ce wannan ba lalacewa ba ce, je ka biya bashinka. Idan ka haɗa abin da mutum zai biya gaba ɗaya, ya fi kuɗin hannu nesa ba kusa ba, amma tallan ba ya nuna maka jimla, na sati kawai yake nunawa da manyan lambobi.

Maman Husna:
Don Allah kafin a watse, yaya ake tsayar da saƙonnin tallan nan? Wayata ba ta hutawa, har da na caca, ni da ko ludo ban iya ba.

Ummu Affan:
Ki rubuta STOP ki tura zuwa 2442, kowane layi ne. Idan kuma akwai abin da ake cire miki kuɗi a kansa, danna *305# ki gani ki soke. Tun 2023 aka haɗe lambobin duk kamfanoni: *310# duba kuɗi, *311* sa kati, *312# sayen data, *323# duba ragowarta, *303# rance. Idan kin kai ƙara wajen kamfani ba su saurare ki ba, 622 layin NCC ne, kyauta. Sai dai ki sani, idan kin toshe talla, wani bikon ma ba zai same ki ba.

Baban Walid:
To ni na yanke shawara. Zan yi yaji. Zan mayar da data kan ɗaya layin in bar wannan ya yi barci, mu ga ko za a zo biko.

Injiniya Mai Turaku:
Alhaji a yi yaji da hankali. Layin da ya yi wata 6 ba a yi komai da shi ba ana iya kashe shi, daga baya a sayar wa wani lambar. Idan ita ce a jikin asusunka na banki da NIN ɗinka, saƙon kuɗinka wani zai riƙa gani. Kada ka cire shi daga waya, kuma ka riƙa ɗan taɓa shi.

Baban Walid:
Jama'a na dawo da rahoto. Yau kwana 24 da fara yajina. Shekaranjiya da hantsi saƙo ya shigo, har da kirana abokinsu na musamman, wai sun yi kewata. An ninka mini data idan na sayi ta N1,000. Na saya. Da na duba, ninkin na kwana 2 ne, kuma rabinsa sai daga sha ɗaya na dare.

Maman Husna:
To ka koma ɗakinka ko kana nan gidan kishiya?

Baban Walid:
Na koma, Hajiya. Ita kishiyar a shagona sai na fita bakin kwata na ɗaga hannu sama take kamawa, kwastoma yana tsaye yana jiran transfa. Datar daren kuma na ba Walid ya sauke karatunsa da ita, ni ƙarfe tara nake kwanciya.

Ɗan Maraɗi:
Alhaji, ita kishiyar ka ba ta kwana 24 ita ma, ka zo ka gaya mana abin da ta turo.